Ranar da Na Ƙi Haɗa Surukai a Jirgi Ɗaya

Ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya a bakin teku a Penang, da tumbina da hulata da komai, na dubi manajana ido cikin ido na ce masa ba zan yi ba. Ku yaran da kuka shigo aikin nan bana, kuna ganina kullum haƙora a waje, kun ɗauka tun da aka yanke mini cibiya ban taɓa yi wa kowa musu ba. To ku gyara zama. Na taɓa yi sau ɗaya, kuma saura ƙiris musun nan ya mayar da ni Kano da akwati ɗaya da 'ya'ya uku masu amsa sallama da Malayanci.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda mutanen gida da za su karanta. Kamfaninmu ƙarami ne, a hawa na biyu na wani layin shaguna a Cheras, a saman wani mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi. Shi ya sa duk takardar da ta fito daga ofishinmu ƙamshin kori take yi. Aikinmu kai baƙi yawon buɗe ido. A can sama akwai Madam, mai kamfanin, wata dattijuwa 'yar Caina da ba ta ɗaga murya don ba ta bukata. Ƙarƙashinta manaja. Sai jagora mai lasisi, wanda dole ya zama ɗan ƙasa, shi ke riƙe makirufo yana ba da tarihi. Sai direba. Sai can ƙasa, dab da tayar mota, ni: tafinta kuma ɗan rakiyar baƙin Afirka. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, takardar zamana a ƙasar nan a jikin kamfanin take rataye. Ranar da aka ce an sallame ka, ba aiki kaɗai ka rasa ba. Har gidanka na Sentul, har makarantar yaranka, duk sun bi ruwa.

Sabo sunana, amma a ofis Sabo Boleh ake ce mini. Boleh a bakin mutanen nan shi ne "zai yiwu". Alhaji yana son tuwon shinkafa a tsibirin da ko kuka ba a taɓa jin labarinta ba? Boleh. Hajiya tana son a tsayar da bas a kan babbar hanya ta sayi atamfa? Boleh. Da wani zai ce in ɗauko masa dogon benen nan mai tagwaye in sa masa a jaka, boleh zan fara cewa, daga baya in yi tunani.

A shekarar da tafiye-tafiye suka dawo bayan korona, wajen hutun makaranta na ƙarshen shekara, aka kawo mana aikin wani iyali. Dakta Auwalu, Bazazzage, malamin jami'a ne da aka turo ƙarin karatu, yana zaune a Bukit Jalil da matarsa Rukayya da yaransu. Ya gama digirinsa na uku, surukarsa Hajiya Talatu ta taso tun daga Ringim don bikin yaye su da ganin jikoki. Dakta ya ce kafin ta koma yana so ta ga teku, domin iyakarta da teku ta tagar jirgin sama, shekarar da ta sauke farali. Aka tsara musu kwana huɗu: tsohon garin Melaka, sannan a yi arewa zuwa George Town, a ƙare da gandun dajin gwamnati da ke bakin ruwa a Penang.

Manajanmu a lokacin sabo ne fil, Mista Darren, ɗan ƙanwar Madam, yaro mai tsafta da ƙamshin turare, ya dawo daga karatu kansa cike da dabaru. Ya ƙudura sai ya yi bidiyon tallan da zai jawo mana baƙin Afirka. Ya kira Dakta ya rage masa kuɗin tafiyar, da sharaɗin za a ɗauki hotunansu a hanya. Dakta ya ɗauka itatuwa da ruwa za a ɗauka, su kuma su gifta ta gefe. Ya amsa.

Da na ga tsarin da Darren ya yi, sai da na cire hula na fifita kaina. Duk inda aka sa kujera biyu, Hajiya da Dakta ya haɗa. Na same shi a ofis na ce, "Mista Darren, a wajenmu suruki ba ya zama kusa da surukarsa. Ba ya cin abinci a gabanta. Ko sunanta ba ya kamawa."

Ya ce, "Faɗa suke yi?"

Na ce, "A'a. Girmama juna suke yi."

Ya ce, "To in ba faɗa suke ba, mene ne matsalar? Wannan tsohon yayi ne, Sabo. Mutumin nan fa dakta ne."

Na ce masa ko farfesan farfesoshi ne, in ya hango surukarsa sai ya cire takalmi ya tsuguna. Na ƙara masa da cewa ita Rukayyar ma 'yar fari ce, uwar da ta haife ta ba ta kiran sunanta, sai dai "ke" ko "uwar yaran nan". Ya yi dariya ya ce in bar masa, kyamara tana narkar da kowa. Ni kuma, da yake baki ya saba, na ce boleh, na fito.

Ranar farko Melaka. Jagorarmu Kak Ros ce, wata Bamalayiya mai shekaru kamar nawa, gajera, mai murya kamar ta mai shelar ɗaurin aure. Tana ta bayani a gaban jajayen gine-ginen nan da Turawa suka bari, yadda waɗannan suka zo suka ci garin, waɗancan suka zo suka ƙwace, wasu kuma suka zo suka kore su, duk saboda cinikin kayan yaji. Ina fassara wa Hajiya. Ta saurara tsaf, ta ce, "Ɗan nan, duk a kan barkono da kanumfari aka yi wannan yaƙin? Ai da sun zo kasuwar Ringim."

Sai aka zo hawa beca. Beca keke ne mai ƙafa uku, kamar a-daidaita-sahu marar inji, mutum biyu yake ɗauka a matse, cinya na gugar cinya. Na Melaka kuwa ado ake yi musu kamar motar amarya, furanni da 'yan tsana da fitilu, ga sifika tana ta zuba waƙar soyayya. Darren ya nuna wata mai ruwan hoda ya ce Hajiya da Dakta su shiga. Dakta ya riga ya zauna kafin ya gane da wa za a haɗa shi. Na ga fuskarsa ta koma kamar ta wanda aka ce ya fito ya kare digirinsa daga farko. Ban tsaya shawara ba, na taka da gudu na faɗa kusa da shi. Beca ta yi wani irin kuka, tayar baya ta ɗaga sama, tsohon da ke tuƙawa ya dubi sama yana neman agaji. Na ce wa Darren ƙafata ce ta riƙe. Hajiya ta shiga ta baya da jikokinta, aka wuce wurin.

Wajen cin abinci kuwa babu beca da zan faɗa. Teburi ɗaya ne zagayayye, mai gilashin nan da ake juyawa a tsakiya, kowa na kallon bakin kowa. Dakta ya zauna a can ƙarshe yana kallon farce. Da aka tura masa shinkafa sai ya ce azumi yake yi. Ranar Talata! Matafiyi, a ranar Talata, yana azumin nafila! Hajiya kuma ta sha shayi ta ce abincin mutanen nan sukari ya yi masa yawa, ita ta ƙoshi. Na yarda da ita a lokacin. Shi kuwa na san ƙarya yake, don na ji cikinsa yana kiran sallah tun muna Seremban, a hanyar zuwa. Na zagaya na yi masa tapau, wato ƙunshin abinci na tafi-da-gidanka, na kira shi bayan bas. Ya ci a tsaye, yana leƙe, kamar ɓarawon akuya.

Na ce, "Bawana, a sha ruwa lafiya. Yau rana da wuri ta faɗi a Zariya."

Ya ce, "Bakano, ka yi shiru ka tsare mini hanya. Ladanka yana sama."

A George Town muka kwana biyu. Muka ga tsofaffin shagunan da suka girmi kakan kakana, muka yi sallah a masallacin da Indiyawa 'yan kasuwa suka gina, muka taka unguwar nan da aka kafa gidajenta a kan turaku cikin ruwa, inda Hajiya ta ce ita ba ta ga ta inda za a ɗaure akuya ba. A nan Darren ya shirya anko: tishat ruwan ɗorawa iri ɗaya, kowa ya sa, har Hajiya, a jera a riƙe hannu. Kwalin rigunan kuwa, Allah da ikonsa, sai aka neme shi aka rasa. Ni aka ba ajiya. Har yau ina jin yana ƙarƙashin matattakalar ofis a Cheras, inda na manta shi da gangan.

Darren ba wawa ba ne. Ya ja ni gefe ya ce, "Sabo, ƙafarka ta riƙe a Melaka, kwali ya ɓata a Penang. Gobe ce ranar ƙarshe, kuma ba ni da hoto ko ɗaya da zan nuna wa Madam. Gobe kada wani abu ya riƙe, kada wani abu ya ɓata."

Washegari da hantsi muka isa ƙofar gandun dajin. Tsarin wurin shi ne, jagora ta rubuta sunayen baƙi a ofishin ƙofa, sannan a zaɓi hanya. Bakin ruwan da za mu, inda kunkuran teku ke fitowa su yi ƙwai, hanyarsa biyu ce. Ko ka hau jirgin masunta mai inji ka zagaya ta teku, ko ka taka da ƙafa ta cikin daji, ka hau dutse ka sauka. Mu jirgi aka kama mana, guda ɗaya, ɗan ƙarami, benci biyu suna kallon juna.

A kan gadar katakon da jirage ke tsayawa Darren ya buɗe mana shirinsa. Hajiya da Dakta za su zauna a gaba, kafaɗa da kafaɗa, cikin rigar nan ruwan lemo mai hana nutsewa. In an isa, da yake ruwa ya janye, jirgi ba zai kai gaɓa ba. Dakta zai naɗe wando har gwiwa, ya dira cikin ruwa, ya miƙa wa Hajiya hannu biyu ya sauko da ita, ita kuma ta tattare zani, su dubi kyamara su yi dariya. Ya ce wannan hoton shi ne tallan gaba ɗaya. Ya juyo gare ni ya ce, "Faɗa mata."

Dakta ya ji komai, don da Turanci aka yi. Ya matso kusa da ni ya ce, "Malam Sabo, na riga na yi masa alkawari, ya kuma rage mini kuɗi. Da wane baki zan ce a'a?"

Hajiya na zaune a benci da carbinta, idonta a kan ruwa. Ta ce, "Ɗan nan, me yaron yake cewa ne?"

Duk tafinta ya san ƙofar baya. Kana iya juya magana, manaja ya ce gabas ka ce yamma, kowa ya rabu da kowa lafiya. Na kwana uku ina bin ƙofar baya. Amma jirgi ɗaya ne, benci biyu ne, ruwa kuma ba ya jin fassara. Ko me na gaya mata, ƙarshenta dai sai an kai inda za ta tattare zani a gaban mijin 'yarta, a ɗauka, a watsa wa duniya, har 'yan Ringim su gani a waya. Na ce mata, "Ranki ya daɗe, maganar aiki ce, tsakanina da shi." Na juya.

Na ce, "Mista Darren, tak boleh."

Wato ba zai yiwu ba. Wallahi da kalmar ta fito sai da na waiga in ga wanda ya faɗa. Direbanmu da ke shan taba a gefe ya saki karan ya faɗa ruwa.

Darren ya ce, "Me ka ce?"

Na ce, "Ba zan fassara ba. Ka ba mu jirgi na biyu, maza a ɗaya, mata a ɗaya, ka ɗauki teku da duwatsu iya son ranka."

Ya ce babu jirgi na biyu, lokacin hutu ne, duk an kama. Kuma ko akwai ba zai biya ba. Ya ce aikina in mayar da magana daga baki zuwa baki, ba in zaɓi wadda ta yi mini ba.

Na ce, "Matar nan ba ta jin ko kalma ɗaya a ƙasar nan sai ta bakina. In na ce mata ta shiga, shiga za ta yi, don ta ɗauka ɗanta ba zai kai ta inda za ta ji kunya ba. To ba da bakina ba." Na dubi Dakta na ce, "Bawana, ɗaure takalminka. Mu maza ta ƙasa za mu bi."

Fuskar Darren ta yi ja kamar gautan Bature. Ya ce, a gaban direba da masu jirgi da kowa, "In ka sa ƙafa a dajin nan, ranar Litinin ka ajiye mini katin aikinka a kan tebur."

Na ce, "Kati naka ne, Mista Darren. Ƙafa tawa ce."

Kak Ros ta matso wajen Hajiya. Sai ta ɗauki rigar ruwa ta sa wa Hajiya da hannunta, ta ɗaure mata igiya, ta ce wa Darren a hankali sunanta ne a rajistar ƙofa, ita za ta kai matan da yaran. Shi kuma ya ce tunda babu suruki babu hoto, ba inda za shi. Muka bar shi a kan gada yana kiran innarsa a waya.

Yanzu ku dube ni da kyau. Ni ne mutumin da in lif, na'urar hawa bene, ya lalace a gidanmu na Sentul, sai in zauna a mamak in jira mai gyara ko zai kai magariba. Ga ni cikin shadda mai sitaci, da takalmi sau-ciki, zan ratsa dajin da aka ce yara 'yan makaranta ma sai sun yi guzuri. Allon ƙofa ya ce tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Wanda ya rubuta allon nan Allah ya isa tsakanina da shi. Mun hau tudun da na tabbata daga samansa na hango hasumiyar masallacin Juma'a na Kano. Gumin da na zubar, da an tara, da an yi noman rani. Muka ci karo da guza, tsawonsa ya kai tabarmar liman, ya dube ni, na dube shi, na ce masa shi ma in yana da suruka ya ba mu hanya. Ya ba mu.

Dakta yana gaba yana haki. Ya ce, "Ban taɓa ganin Bakano ya shiga daji ba kasuwa a ciki ba."

Na ce, "Ni ma ban taɓa ganin an yi wa bawa rakiya irin wannan ba. Ka rubuta a littafinku na Zazzau."

A tsakiyar hanya muka zauna a kan wani gungume, na fito da ƙunshin shinkafa da kaza da na ɓoye masa. Bai kai loma uku ba birai suka sauko. Ba biri ɗaya ba, unguwa guda, da mai unguwarsu. Babban ya zo ya karɓi ledar daga hannun Dakta kamar jami'in kwastan, ya hau bishiya ya buɗe a gabanmu. Dakta ya bi shi da kallo ya ce, "To, yau kam azumin ya tabbata."

Muka yi dariya har na ji haƙarƙarina. Da dariyar ta lafa, sai ya ce, "Malam Sabo, aikinka fa?"

Na tuna takardar zamana saura 'yan watanni ta ƙare, kuma sa hannun Madam take jira. Na tuna babbar 'yata tana shekarar jarrabawa. Na tuna Hajara, matata, da abin da za ta ce. Na ce masa, "Dakta, in na koma Kano ina da bakin da zan sayar da ko ƙanƙara ce a cikin sanyi. Amma da na fassara maganar nan, da wane ido zan sake kallon tsohuwa? Tashi mu tafi kafin su dawo neman abin sha."

Da muka fara jin ƙarar igiyar ruwa, sai muka jiyo wani abu a cikinta. Dariya. Dariyar tsohuwa, irin wadda ake yi har da tari. Muka leƙa ta tsakanin itatuwa. Can ga Hajiya Talatu a cikin teku, ruwa har gwiwa, Kak Ros ta riƙe hannu ɗaya, Rukayya ta riƙe ɗaya. In igiyar ruwa ta taso sai ta daka mata tsawa, "Kai! Kai! Koma!" In ta bugo su sai ta ƙyalƙyale, jikoki na tsalle a gefenta. Carbi na rataye a wuya, mayafi ya koma ɗamara.

Dakta, da ya gane mayafin, kafin in ce wani abu ya riga ya juya baya. Ya koma cikin daji da sauri kamar wanda ya taka wuta, ya sami bayan wani dutse ya zauna yana kallon inda muka fito. Na bi shi. Ya ce, "Kada ka yi tari. Kada ka yi motsi. A bar ta."

Muka zauna. Mutum biyu da suka ratso daji don su ga teku, ga teku a bayansu, suna kallon kututture. Sauron wurin kuwa ba sauro ba ne, allurar asibiti ce mai fiffike. Na aika wa Kak Ros saƙo na ce mun iso, in Hajiya ta gama ta sanar da mu. Ta amsa da cewa mu ƙara haƙuri, yanzu ta fito ta zauna a kan yashi, ta buɗe ƙunshin shinkafa, ta cinye nata tana cin na Rukayya. Sai a lokacin na gane ashe maganar sukari ba sukari ba ne. Kwana uku tsohuwar nan ita ma da yunwa take kwana, saboda shi. Shi yana azumin Talata dominta, ita tana shan shayi dominsa, kowa na zaton shi kaɗai ke wahala. Na gaya wa Dakta. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Da saƙo ya zo, na fara gyaran murya tun daga nesa, na rafka sallamar da sai da tsuntsaye suka tashi. Muka fito. Hajiya na zaune a inuwa, mayafi a lulluɓe, carbi a hannu, kamar wadda tun da aka halicce ta ba ta taɓa ganin ruwa ba sai na alwala. Bakin zaninta kawai ke ɗiga. Dakta ya cire takalmi, ya tsuguna daga can nesa, kansa a ƙasa.

"Hajiya, an iso lafiya?"

"Lafiya lau. Sannunku da hanya. Allah ya yi albarka."

Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan. Da ya ja baya, ta yafito ni da hannu, ta rage murya ta ce, "Ɗan nan, ashe da gaske ne. Gishiri ne zalla. Na ɗanɗana."

Komawa kam ban taka ba. Mai jirgi ya kai mata ya dawo ya ɗauke mu, na kwanta a cikin jirgin kamar buhun gero.

Ranar Litinin na sa rigata mafi kyau, don in za a kore ka gara a kore ka da kwalliya. Madam na zaune, Darren na tsaye. Ya faɗi nasa, bai ƙara ba bai rage ba, wannan kam na yaba masa. Ya ce ko in ba shi haƙuri a gaban ma'aikata, ko in tafi. Madam ta tambaya ko baƙi sun yi ƙorafi. Aka ce a'a. Ta tambaya ina bidiyo. Aka ce babu. Ta cire tabarau ta dube ni.

Ta ce, "Sabo, ka zubar wa manajana da fuska, ka ci mutuncinsa a gaban direba da masu jirgi."

Na ce, "Madam, ashe kin san zafin zubar da fuska. Ni ma fuskar wata tsohuwa na tare, wadda za a zubar a gaban duniya."

Ta ce, "Ka ba shi haƙuri."

Na ce, "In don na ɗaga murya ne, Mista Darren, ka yi haƙuri. In don dajin ne, gobe ma aka sake haɗa jirgin nan, dajin zan shiga."

Madam ta daɗe tana juya biro. Sannan ta yanke: ba kora, amma an cire ni daga tafiye-tafiye wata shida. Filin jirgi zan koma, in riƙa ɗaga allo da sunan baƙo ina tura akwatuna, babu alawus, babu otal. Takardar zamana kuwa ta ajiye ta a aljihun tebur, ba ta sa hannu ba sai a makon ƙarshe, don in san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Watannin nan na rame har wandunana suka fara yi mini gori. Da na gaya wa Hajara, ta riƙe haɓa ta ce, "Kai da ba ka iya hawa benen gidanmu, kai ne har da ratsa daji saboda surukar wani? Allah ya sa ranar da tawa uwar ta zo ka tuna hanya."

Mista Darren har yau shi ne manajanmu, kun san shi. Muna gaisawa, muna shan shayi tare. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa cewa na yi ba, kuma in yana jira ne, ya nemi kujera.

Abin da na koya, ku ma ku riƙe, shi ne mutanenmu ba sa faɗin abin da ke damunsu a tafiya. Bahaushe zai biya kuɗin hutu ya kwana da yunwa, ka tambaye shi ya ce alhamdu lillahi. Saboda haka kafin ku raba kujeru, kafin ku kama tebur ko jirgi, ku kira mai gidan gefe ku tambaye shi a cikin tawagar nan wa ke jin kunyar wa. Ba a koyar da wannan a kwas ɗin yawon buɗe ido, kuma manaja ba zai tambaya ba. Kai baƙo bakin teku kowane direba zai iya. Amma wani baƙon ba zai taɓa sa ƙafa a ruwan ba sai ka san wanda za ka janye masa daga wurin. In kuma ranar ta zo muku da aka ce ku fassara abin da zai tozarta wanda ya dogara da bakinku, ku rufe bakin, ku karɓi hukuncin. Za ku sha wuya, ni na sha. Amma na tura akwati wata shida a filin jirgi, ban ga kabarin wanda tura akwati ya kashe ba.